Kwano, dekin ko soro? Tambayoyi da amsoshi a kan rufin gida

Gini ya kai linta, aljihu ya fara sanyi, ga damina tana ƙaratowa. A wannan gaɓar ce yawancin masu gini ke fara tambayar wane rufi za su yi, alhali tun ranar da aka haƙa fandisho ya kamata a yanke wannan shawara, domin nauyin abin da za a ɗora a sama shi ke faɗin irin ƙafar da za a yi wa gini. Ga tambayoyin da aka fi yi, da amsoshinsu gwargwadon yanayinmu na zafin bazara, ƙurar hunturu da iskar farkon damina.

Wane rufi ne ya fi kowanne?

Babu shi. Akwai dai wanda ya fi dacewa da kuɗinka, da irin ginin da ka yi, da kuma ko kai mai kula da gida ne ko mai mantawa da shi sai ya yi yoyo. Abin da za a iya faɗa ba tare da kwana-kwana ba shi ne, a cikin rufin da ke lalacewa kafin lokacinsa, da wuya ka samu laifin na kwanon ne shi kaɗai. Katakon da ke ƙasa, ɗaurin da aka yi masa da bango, gangaren da aka ba shi da hannun kafintan da ya buga ƙusa, su ne ke yanke hukunci. Mutane kuwa sun fi zuba kuɗi a abin da ake hangowa daga titi.

Mene ne bambancin kwanon bandir da dogon kwanon alminiyo?

Kwanon bandir, wanda kowa ya sani, ƙarfe ne da aka shafe da tutiya don kada ya yi tsatsa da wuri. Ana sayar da shi bandir-bandir, kowane bandir falle 20. Gajere ne, saboda haka dole a riƙa ɗora wani a kan wani daga ƙasa har ƙoli, kuma duk mahaɗa ƙofa ce da ruwa zai iya nema. Da zarar tutiyar ta cinye, tsatsa ta shiga, musamman a bakin ƙusa da wurin da aka yanka. Wanda ake sayarwa yanzu ya fi na da siranta nesa ba kusa ba. Je ka unguwannin ma'aikatan jirgin ƙasa a Zariya ko Kaduna, ka dubi kwanon da aka buga tun zamanin Turawa: ya yi ja, amma da yawansa yana nan yana tare ruwa. Na yanzu kuwa akwai wanda za ka iya lanƙwasa gefensa da yatsu biyu.

Dogon kwanon alminiyo da mita ake sayensa, a yanko maka shi daidai tsawon rufinka, falle ɗaya daga ƙoli har baki ba mahaɗa a tsakani. Ba ya jan tsatsa irin ta ƙarfe, kuma ba shi da nauyi, don alminiyo kusan kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin ƙarfe. Kaurin da aka fi ji a kasuwa shi ne 0.45, 0.55 da 0.7 na milimita. Rauninsa shi ne taushi. In kafinta ya taka tsakanin katako biyu sai ya loɓa, in iska ta samu bakinsa sai ta yage shi daga kan ƙusa, ta bar ƙusar a katako. Yana kuma miƙewa da zafi kusan ninki biyu na yadda ƙarfe ke yi, shi ya sa kake jin ƙas-ƙas a rufi da hantsi da kuma bayan faɗuwar rana. Wannan motsin na kullum shi ke faɗaɗa ramin ƙusa sannu a hankali.

Akwai na tsakiya: ƙarfe ne a ciki, amma an shafe shi da haɗin alminiyo da tutiya, kusan kashi 55 cikin 100 alminiyo. Ya fi kwanon bandir jure tsatsa, ya fi alminiyo zalla tauri, kuma da yawa daga cikin kwanukan kala da ake gani yanzu shi ne.

Ta yaya zan san kaurin da aka faɗa mini gaskiya ne?

Da ido ba za ka sani ba. Akwai ɗan ƙaramin ma'auni mai kama da matsefata da ake matse bakin kwano da shi ya nuna kauri. Duk dila na ƙwarai yana da shi, kuma ba zai ji haushi ba in ka ce a gwada a gabanka. A gwada falle biyu ko uku daga tsakiyar kayan, ba na saman da aka ajiye don nuni ba. Ka tuna fenti ma yana ƙara kauri. Sanannen abu ne a kasuwannin kayan gini, daga Ƙofar Ruwa a Kano har Dei-Dei a Abuja da kasuwar Katako a Yamai, cewa abin da ake kira 0.45 wani lokaci bai kai ba. In farashin wani ya faɗi ƙasa da na maƙwabtansa sosai, to ba don ya fi su tsoron Allah ba ne. Araha ba ta ado.

Shi wannan mai yashi-yashi da ake ce wa Gerard fa?

Gerard sunan kamfani ne da ya samo asali daga ƙasar New Zealand, amma a bakin mutane ya zama sunan duk wani kwano mai ɓarɓashin dutse a bayansa. Ƙarfe ne mai rufin alminiyo da tutiya, aka shafa masa gam aka barbaɗa niƙaƙƙen dutse. Yana da kyau a ido, yana rage ƙarar ruwan sama, kuma da yake gutsi-gutsi ne masu shiga juna, ana buga musu ƙusa ta goshi, iska ba ta cika samun inda za ta kama ba.

Tsadarsa biyu ce: ta kwanon da ta katako, domin kowane layi sai an shimfiɗa masa nasa katakon, kusa da kusa. Sannan jabunsa ya yi yawa. Ka goga tafin hannu da ƙarfi a bayansa. In yashi ya cika maka hannu, haka zai riƙa bin ruwa yana taruwa a bakin indararo, bayan 'yan shekaru rufin ya yi sanƙo faci-faci. Wani abin da ba a faɗa wa mutanen Arewa shi ne ƙurar hunturu tana maƙalewa a jikinsa fiye da kwano mai santsi, kuma yawancin kalolinsa masu duhu ne.

To me ya sa ɗakina ke zafi kamar gidan burodi, bayan na sayi kwano mai tsada?

Domin tsadar kwano ba ta da alaƙa da sanyi. Duk kwano, na bandir ne ko na alminiyo ko mai dutse, siririn abu ne da rana ke gasawa cikin mintuna, ya juya ya riƙa feso zafin ƙasa. A Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, inda ma'aunin zafi ke haura 40 a watannin Afrilu da Mayu, jikin kwano mai duhu yakan yi zafin da ba a iya ɗora hannu.

Abu uku ke kawo sauƙi. Na farko kala. Fari ko mai haske yana mayar da hasken rana, baƙi da ruwan ƙasa da shuɗi mai duhu suna shanye shi. Yayin baƙin rufi da ya shigo sababbin unguwanni ado ne da mai gida zai riƙa biyan kuɗinsa a wutar fanka da na'urar sanyaya ɗaki duk shekara. A birnin Ahmedabad na Indiya, inda zafi ke kashe mutane, hukuma da kanta ta shiga aikin shafa wa rufin gidajen talakawa farin fenti, don an ga yana rage zafin cikin ɗaki.

Na biyu silin, da tazarar da ke tsakaninsa da kwano. Silin ɗin POP, wato na farar filasta, ya fi na PVC, wato na roba, aminci in gobara ta tashi, domin roba narkewa take tana ɗigowa da hayaƙi mai guba. Wanda ke da hali ya shimfiɗa takardar nan mai ƙyalli a ƙarƙashin kwano kafin a buga.

Na uku, wanda kusan kowa ke mantawa, shi ne hanyar da iskar da ta gasu tsakanin silin da kwano za ta fita. In an toshe ko'ina da bulo da filasta, zafin ba shi da mafita sai ta cikin ɗaki. 'Yan ƙananan tagogi biyu masu raga a bangon ƙoli, ɗaya gabas ɗaya yamma ko kudu da arewa, suna yin aikin da ya fi kuɗinsu. Ragar kuwa dole ce, in ba haka ba ka yi wa jemagu da tantabaru masauki.

Dekin ba shi ne maganin komai ba?

Dekin, wato rufin kankare, yana da nasa alfanun: iska ba ta ɗauke shi, wuta ba ta cinsa da sauƙi, ɓarawo ba ya ɓalle shi ya diro, ana iya shanya ko shan iska a kai, kuma ga damar ɗora bene nan gaba. Amma nauyi gare shi ba na wasa ba. Dekin mai kaurin santimita 15 yana kai kilo 360 a kowace murabba'in mita, wato sama da buhun siminti bakwai, kafin a ɗora tankin ruwa. Ginin da aka yi wa fandisho da ginshiƙai don kwano ba a wayi gari a ce a zuba masa dekin. Wannan aikin injiniya ne, shi zai faɗi kaurin rodi da tazararsa, ba birkila da "haka muka saba" ba.

Siminti kuma ba bushewa yake so ba, jiƙa yake so. Ana ba dekin ruwa aƙalla mako guda, ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai kwana 28. Wanda ya zuba a tsakiyar bazara ko cikin busasshiyar iskar hunturu ya bar shi ba ruwa, ya sayi tsagewa. Wanda ya yi gaggawar cire katakon tokare don zai mayar wa mai haya, ya sayi abin da ya fi tsagewa.

Sannan kankare ba ya hana ruwa da kansa. In ba a ba shi ɗan gangare zuwa indararo ba, ruwa zai kwanta, ya bi 'yan tsage-tsage ya isa rodi. Rodi ya yi tsatsa ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki. Shi ne kake ganin silin ɗin dekin yana ɓamɓarowa, rodi mai tsatsa ya bayyana. Dole a shimfiɗa masa abin hana ruwa, kuma shi ma rana tana cinye shi, sai an sabunta. Batun zafi kuwa, dekin yana yini yana tara rana, da dare ya sauke wa masu barci. Masu ɗakin sama a gidan dekin sun san wannan sarai.

Rufin soro na gargajiya ya wuce zamani ke nan?

A birane yana ja da baya, amma ba don ya kasa ba. Har gobe babu rufin da ya kai shi sanyin rana a ƙasar Hausa, kuma ba ya ƙara ko ruwa kamar da bakin ƙwarya ake yi. Ana jera azara, wato tsagin itacen giginya wanda gara ba ta cika iya masa ba, a shimfiɗa zana ko kara, a bi da ƙasa mai kauri, sannan a shafe da abin hana ruwa. Magina na da suna da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, da kuma laso, haɗin katsin marina da gashin dabba daga majema da dafara. Azara ba ta ɗaukar faɗi mai yawa, kusan mita 2 ne in ba a yi mata dabara ba, shi ya sa ɗakunan da suke ƙanana, kuma shi ya haifar da bakan gizo da ɗaurin guga, wato lanƙwasassun ginshiƙan ƙasa da ke ɗaukar rufi mai faɗi, a zaurukan sarakuna da attajirai. Wanda yake son ganin iyakar wannan fasaha ya duba tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a ƙarni na 19, ko Gidan Makama a Kano, ko masallacin Yama a jihar Tawa ta Nijar, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya kuma samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986.

Matsalarsa biyu. Ta farko, soro yana son mai shi. Kowace shekara kafin ruwan farko sai an hau, an cire ciyawar da ta tsiro, an toshe tsaga, an share bakin indararo. Indararo ɗaya ya toshe a watan Agusta, ruwa ya kwanta, ƙasa ta sha ta yi nauyi, sai a ji labarin rufi ya rufta wa mutane cikin dare. Yawancin irin wannan asarar daga sakaci take da kuma ƙara ƙasa a kan ƙasa shekara da shekaru ba tare da an duba ko azarar za ta iya ba. Ta biyu, azarar kirki ta yi wuya. Giginya tana daɗewa kafin ta isa sara, kuma a wurare irin su dazukan giginya na yankin Gaya a Nijar sai da izini ake taɓa ta. Da mutane suka koma amfani da kowane irin itace, suna shimfiɗa leda a ƙarƙashin ƙasa, sai ƙarkon ya ragu: leda in ta huje, ruwan da ya shiga ba ya fita, yana nan yana ruɓar da itacen a ɓoye. Wannan ƙarancin itace ne ya sa tun shekarun 1980 ake koya wa magina a Nijar gini marar itace, inda ake rufe ɗaki da tubalin ƙasa zalla a siffar ƙubba.

Jinka fa?

Ga rumfar hutawa, gidan gona ko bukkar baƙi, babu kamarta wajen sanyi da araha. Ga gidan zama a cikin gari, gobara kaɗai ta isa hujja. Tana kuma son canji bayan 'yan shekaru.

Kowace shekara iska na yaye rufi a unguwarmu. Laifin wane ne?

Ka lura da yadda rufin ke tashi. In kwanon ne kaɗai ya tafi ya bar katako, ƙusa ce ta yi kaɗan ko kwanon ya yi siranta. In kuwa ya tashi gaba ɗaya da katakonsa ya faɗa gidan maƙwabci, wanda shi aka fi gani, to ba a ɗaure shi da gini ba. Iska ba tura rufi kawai take yi ba, tsotsarsa take sama, musamman a kusurwoyi da baki. Maganin shi ne langa-langa ko rodi da aka binne tun a cikin linta, a naɗe katakon da ke kwance a kan bango da shi, ba a soka ƙusa a bulon ƙarshe a ce an gama ba. Duwatsu, bulo da tsofaffin tayoyin da ake jerawa a kan kwano shaida ce cewa mai gidan ya san ba a ɗaure ba.

Hadarinmu daga gabas yake tasowa, don haka ɓangaren gabas ne ke shan dukan farko. Kafinta mai lura yakan jera kwano yadda bakin mahaɗa zai ba gabas baya, ya ƙara ƙusa a layin baki, kuma ba ya barin baki ya yi tsawo ba tallafi.

In yi mai tsini sosai, ko ɓoyayye a bayan bango?

Dogon rufi mai tsini ya dace da inda ruwa ke sauka wata bakwai ko takwas, irin su Fatakwal da Kalaba. A nan ana yin sa ne don ado, kuma yana cin kwano da katako, yana ba iska faɗin da za ta daka. Matsakaicin gangare ya wadatar. Rufi mai lunguna da yawa ma haka: duk inda rufi biyu suka haɗu suka yi kwari, nan yoyo ke fara sallama.

Ɓoyayyen rufi, wanda bango ke zagaye shi, yana samun kariya daga iska kuma ya yi kama da fasalin gidajenmu na asali. Amma duk ruwansa yana bi ta kwata ɗaya ko biyu a cikin bango. Leda ɗaya da ganyen darbejiya suka toshe ta, ruwan sai ya koma cikin silin. In za ka yi, a yi kwatar da faɗi, a ba ta mafita ta biyu, kuma kada a manna alminiyo kai tsaye cikin ɗanyen siminti, don siminti yana cin sa.

Katako ko ƙarfe za a sa a ƙasa?

Ƙarfe ya fi tsada a farko, amma gara ba ta san shi ba, kuma ga falo mai faɗi ya fi aminci, muddin mai walda ya iya aikinsa kuma an shafa fentin hana tsatsa. In katako ne, a je kasuwa da wanda ya san itace, irin su 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, a zaɓi busasshe mai nauyi. Ɗanyen katako yana murɗewa bayan an buga, ya ja kwano ya buɗe ramin ƙusa. A shafe shi da maganin gara ta kowane gefe, har da bakin da aka yanka, kafin a hau da shi. Abin da wasu ke yi, su watsa baƙin mai a gefen da mai gida zai gani bayan an riga an ɗaura, kwalliya ce kawai. Kuma a duba girman: tu-bai-fo na yanzu, wato katako mai kaurin inci biyu da faɗin inci huɗu, sau da yawa sunan ne kawai ya rage.

Gidan da na gada yana da rufin asbesto. In cire?

In lafiyarsa ƙalau, bai farfashe ba, haɗarinsa kaɗan ne a inda yake. Haɗarin yana cikin ƙurarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa kowane nau'in asbesto yana jawo sankara, ciki har da ta huhu, kuma cutar kan ɗauki shekaru 20 ko fiye kafin ta bayyana. Kada a yanka shi da zarto ko inji, kada a kankare shi, kada a jefo shi daga sama ya tarwatse. In za a cire, a jiƙa shi da ruwa, a kwance falle-falle, ma'aikata su rufe hanci da abin kariya na ƙwarai, a fitar da yara daga gidan. Kada kuma a ba wani ya rufe akurkin kaji da shi. Tsofaffin silin masu murabba'i na gidajen gwamnati da makarantu ma da yawansu asbesto ne.

Ana iya shan ruwan da ya sauko daga rufi?

Ana iya tara shi, kuma yana da yawa fiye da yadda ake zato: milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rufi mai murabba'in mita 100 a ruwan milimita 20 zai ba da kusan lita 2,000, wato duro 10. Kwano mai santsi ya fi dacewa da wannan. A bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye ya tafi, sannan a tara. Na sha kuwa a tafasa ko a sa masa magani.

Yoyo ya fara. In canza rufin duka?

Kada ka yi gaggawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma inda ruwa ke ɗiga a silin ba lallai nan ne ya shigo ba, yakan bi katako ya yi tafiya. A hau da rana a leƙa ta cikin silin, duk inda haske ke shigowa a yi masa alama. Mafi yawan lokuta ƙusa ce ta ɗago, ko robar da ke ƙarƙashin hularta rana ta cinye, ko an buga ta a cikin kwarin kwano maimakon a kan tudunsa, ko kuma masu sa faifan sola da tauraron ɗan adam sun huda sun tafi. Waɗannan gyaran yini guda ne. In kuwa ka danna kwanon ka ji yana ruɓuɓɓushewa, ko katakon ya zama gari a hannunka, faci ɓarnar kuɗi ne. A sauya, kuma a yi aikin tsakanin Nuwamba da Maris, lokacin da kafintoci ba su da cunkoso kuma babu hadarin da zai riske ka da ɗaki a buɗe.